Yadda Ake Zama Masanin Halittun Tekun Tsibirai, Daga Ajin Jami'a Zuwa Kujerar Farfesa

Yawancin masu sha'awar nazarin halittun teku hoto ɗaya ne a ransu, wato mutum sanye da kayan nutso, tukunyar iska a gadon bayansa, yana shawagi a tsakanin kifaye masu launi. Hoton gaskiya ne, sai dai a cikin shekarar mai bincike nutson yakan ɗauki 'yan makonni ne kawai, ragowar watannin kuwa a gaban kwamfuta suke ƙarewa, ko a ɗakin gwaje-gwaje ana rarrabe samfura, ko wajen rubuta takardar neman kuɗi da ta neman izini. Wanda ya shiga wannan fanni da sanin haka ya fi daɗewa a cikinsa. Abin da ke gina sunan masani a nan shi ne ya zaɓi rukunin tsibirai guda da rukunin halittu guda, ya yi ta komawa gare su shekara da shekaru, har ya zama duk wanda ke son sanin wani abu game da su dole ya ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Fara da fahimtar abin da ya sa tsibiri ya bambanta

Kafin ka cike takardar neman gurbin karatu, ka tabbata ka fahimci tambayar da fannin ya ginu a kanta, domin duk malamin da zai ɗauke ka ta nan zai fara gwada ka. Tsibiri wuri ne mai iyaka, ana iya ƙirga abin da ke cikinsa, ana kuma iya tambayar yadda kowace halitta ta iso. Wannan ne ya ja hankalin Charles Darwin lokacin da ya sauka a tsibiran Galapagos a 1835, shi ne kuma ya riƙe Alfred Russel Wallace a tsibiran da yanzu ke cikin Indunusiya da Maleshiya daga 1854 zuwa 1862, inda ya lura cewa dabbobin Bali da na Lombok sun sha bamban duk da cewa mashigin ruwan da ya raba su bai wuce kilomita 35 ba. A 1967 Robert MacArthur da Edward Wilson suka mayar da wannan lura zuwa ƙa'ida mai lissafi: yawan nau'o'in halittu a tsibiri yana daidaita ne tsakanin masu isowa da masu ƙarewa, tsibiri mai nisa yana samun baƙi kaɗan, ƙaramin tsibiri kuma yana saurin rasa waɗanda yake da su. Akwai wani ƙiyasi da ɗalibai ke haddacewa, cewa idan faɗin tsibiri ya ninka sau goma, yawan nau'o'insa yakan ninka kusan sau biyu.

Abin da ya sa reshen teku na wannan ilimi ke da daɗi shi ne ruwa ba katanga ba ne ga kifi kamar yadda yake ga ƙadangare. Yawancin kifayen gaɓa da ƙaguwa da katantanwar teku suna zuba ƙwai ne a ruwa, 'ya'yan su yi kwanaki ko makonni igiyar ruwa tana ja da su kafin su sami wurin zama, don haka mai bincike dole ya san tsawon wannan yawo da kuma inda igiyar ta dosa. A Hawayi, wadda ke da nisan fiye da kilomita 3,000 daga kowace nahiya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kifayen gaɓa ba a samun su a ko'ina a duniya sai can. A tsibiran Cape Verde kuwa akwai gomman nau'o'in wata katantanwa mai dafi da masana ke kira Conus, waɗanda 'ya'yansu ba sa yin yawon ruwa, saboda haka wasu nau'o'in sun maƙale a tsibiri ɗaya, wasu ma a lungun gaɓa ɗaya tak.

Misali mafi kusa da mu yana mashigin tekun Gini. Tsibiran Bioko da Principe da Sao Tome da Annobon suna jere ne a kan layin duwatsu masu aman wuta wanda ya ratsa ta Dutsen Kamaru ya miƙe cikin ƙasa har zuwa tsaunukan Adamawa da na Biu. Bioko tana kusa da gaɓar Kamaru, ruwan da ke tsakaninsu ba shi da zurfi, kuma a zamanin da tekuna suka ja baya a haɗe take da nahiyar, shi ya sa take da birai da sauran dabbobi irin na dajin Kamaru. Sauran ukun daga ƙasan teku suka ɓullo, ba su taɓa haɗuwa da Afirka ba, don haka duk abin da ke rayuwa a kansu ko a gaɓarsu sai da ya ƙetaro ruwa. Ɗalibin da zai iya bayyana wannan bambanci da bakinsa, ya kuma faɗi abin da yake tsammanin zai gani a ƙarƙashin ruwan kowannensu, ya riga ya wuce rabin masu neman gurbi.

Digirin farko

Ba dole ne digirinka na farko ya zama na ilimin teku ba. Ilimin dabbobi, ko na tsirrai, ko na kifi da kamun kifi, ko na ƙananan halittu, duk suna kai mutum, kuma jami'o'in Arewa suna koyar da su. Wanda ya sami dama a Jami'ar Legas ko ta Kalaba, inda ake da sassan nazarin teku, ya samu kusanci da ruwan gishiri tun da wuri, amma wanda yake Zariya ko Sakkwato ko Yamai ba a bar shi a baya ba matuƙar ya riƙe abubuwa uku da muhimmanci: sakamako mai kyau, lissafin ƙididdiga, da aikin fili na gaske. Sakamakon shi ne mabuɗin tallafin karatu, babu wata dabara da za ta maye gurbinsa. Ƙididdiga kuwa ita ce inda ɗalibanmu suka fi rauni, alhali manhajar R da kusan duk masana fannin ke amfani da ita kyauta ce, haka ma QGIS ta zana taswira, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsu.

Idan lokacin aikin kundin kammalawa ya zo, kada ka yarda da batun da za a gama shi a ɗakin karatu. Tafkin Kainji yana da tsibirai, haka ma Tafkin Chadi, kuma dutsen da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar gonaki, ko kurmin da ya rage a cikin fili, tsibiri ne a idon wannan ilimi. Ka ƙirga nau'o'in kifi ko katantanwa ko tsirrai a wurare masu girma daban-daban, ka gwada ko ƙa'idar faɗi da yawa ta tabbata. Idan makarantarka tana tura ɗalibai sanin makamar aiki, ka nemi cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Victoria Island a Legas, wadda aka kafa a 1975, ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa. Ka kuma zauna da masunta. Basarken da ya yi shekara talatin a kan ruwa yana rarrabe kifaye da ido fiye da yawancin masu digiri, kuma koyon sauraron irinsa horo ne da zai yi maka amfani a kowace gaɓa ta duniya.

Iyo da nutso

Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi bayani dalla-dalla, domin kuskure a wannan mataki rai yake ci. Ka koyi iyo sosai kafin ka taɓa tukunyar iska, har ya zama kana iya yin mita 200 ba tare da tsayawa ba, kana kuma iya zama a saman ruwa minti goma, domin abin da makarantun nutso ke nema ke nan. Shaidar farko ta ƙungiyoyin koyar da nutso irin su PADI tana ba ka izinin sauka zuwa mita 18, ta gaba kuma zuwa mita 30. Nutson bincike ya fi wannan tsauri, saboda mai bincike hankalinsa yana kan allo da igiyar awo, don haka tashoshin bincike sukan nemi shaidar ceto da ta agajin gaggawa da littafin da ke nuna yawan nutson da mutum ya yi.

Duk mita goma da ka sauka, nauyin da ke danna jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke samanmu. A mita 30 nauyin ya ninka sau huɗu, iskar tukunyarka tana ƙarewa da sauri ninki huɗu, kuma iskar naitirojin tana narkewa a cikin jini. Idan ka taso da gaggawa, naitirojin ɗin zai yi kumfa a jiki kamar yadda lemon kwalba ke yi idan aka ɓalle murfinsa farat ɗaya, abin da ke jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki ko mutuwa. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti uku a mita biyar, ba a riƙe numfashi, ba a nutso mutum ɗaya, kuma ba a shiga jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 bayan nutso na jere. A teburin lissafin da masu koyo ke amfani da shi, iyakar zama a mita 18 minti 56 ne, a mita 30 kuwa minti 20 kacal. Ka duba wannan da kyau, domin shi ne zai yanke maka yawan aikin da za ka iya tsarawa a rana guda. Tsibirai masu nisa kuma sau da yawa ba su da ɗakin matsin iska da ake jinyar wannan cuta a ciki.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi mutanenmu kai tsaye. Na farko, mai cutar sikila ba ya nutso da tukunya, haka ma mai farfaɗiya, mai asma kuma sai da izinin likitan da ya san harkar, don haka a yi gwajin lafiya tun kafin a kashe kuɗi. Na biyu, ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ake ganin suna ƙara haɗarin cutar kumfa, saboda haka mai azumi ya dubi kalanda tun yana tsara tafiyar fili, ya kuma yi maganar da shugaban tawaga a fili. Wanda lafiyarsa ta hana shi nutso bai rasa fannin ba, domin aikin bakin gaɓa da na kyamara da na ƙwayoyin gado duk ana yin su ba tare da tukunya ba.

Digiri na biyu da zaɓen malami

A wannan mataki ne yawanci ake ƙetarawa zuwa teku. A Afirka ta Yamma akwai shirin WASCAL, wanda gwamnatin Jamus ke tallafawa, mai digiri na biyu a kan sauyin yanayi da ilimin teku a garin Mindelo na Cape Verde, kuma yana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen yankin har da Najeriya da Nijar. Jami'ar Cape Coast a Gana tana da cibiyar nazarin gaɓar teku, Jami'ar Darussalam ta Tanzaniya kuma tana da cibiyar ilimin teku a Zanzibar. A Turai akwai shirin IMBRSea na shekara biyu da Jami'ar Ghent ta Beljiyam ke jagoranta, a Saudiyya kuma akwai jami'ar KAUST da ke Thuwal a bakin Bahar Maliya, wadda ke ɗaukar nauyin ɗaliban da ta karɓa. Wanda murjani, wato ƙananan dabbobin teku da ke gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa, ya fi jan hankalinsa zai ji sunan Jami'ar James Cook da ke Townsville a Ostireliya a kowane lungu. Tallafin Commonwealth da na hukumar DAAD ta Jamus suna cikin ƙofofin da aka fi bi.

Sunan jami'a bai kai malamin da zai duba aikinka muhimmanci ba. Ka karanta maƙalu uku ko huɗu da ya wallafa a 'yan shekarun nan, sannan ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa wadda ta ambaci abin da ka karanta, da tambayar da ta taso maka daga ciki, da abin da ka iya da hannunka. Doguwar wasiƙar yabo da aka aika wa mutum hamsin lokaci guda ba ta samun amsa. Idan ya nuna sha'awa, ka nemi jin ta bakin ɗalibansa na da, ka tambaye su ko yana karanta abin da aka rubuta a kan lokaci, ko yana da kuɗin aikin fili, da kuma sunan wa yake sa wa a gaba idan an wallafa aikin ɗalibi. Harshe ma jari ne babba: Fotugisanci yana buɗe Sao Tome da Cape Verde, Sifaniyanci yana buɗe Bioko da Galapagos, Larabci yana buɗe Socotra da tsibiran Farasan da gaɓar Sudan, ɗalibin Nijar ko Kamaru ko Chadi kuma yana da Faransancin da zai kai shi Madagaska da Komoros da Moorea.

Digirin digirgir, da tambayar da za ta ci shekarunka

A Ingila da Ostireliya wannan digiri yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu, a Amurka kuwa biyar zuwa shida saboda kwasa-kwasan farko. Sirrinsa shi ne tambaya ƙarama wadda za a iya amsawa, amma amsarta ta shafi babban al'amari. Abin koyi a nan shi ne aikin Daniel Simberloff, ɗalibin Wilson a Harvard, wanda a ƙarshen shekarun 1960 shi da malaminsa suka lulluɓe wasu 'yan ƙananan tsibiran itatuwan gaɓa a kudancin Florida da tanti, suka yi musu feshin da ya kashe ƙwarin da ke kansu, sannan suka zauna suna ƙirga masu dawowa. Cikin kusan shekara guda yawan nau'o'in ya koma kusa da yadda yake a da, tsibiran kusa da gaɓa sun riga na nesa cika, amma nau'o'in da suka dawo ba lallai su ne na farko ba. Wani misalin na kusa shi ne binciken da Nicholas Graham na Jami'ar Lancaster da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 a kan tsibiran Chagos da ke Tekun Indiya, inda suka kwatanta tsibiran da ɓeraye suka mamaye da waɗanda ba su da ɓera. A inda babu ɓera tsuntsayen teku sun fi yawa ninki ɗaruruwa, kashinsu yana gangarawa ruwa ya zama taki, kifayen gaɓa kuma sun fi saurin girma. Tambaya ce da yaro zai fahimta, amma ta sauya yadda ake tunanin kare murjani.

Akwai tarkon da ke kama sababbin masu bincike, kuma gara a san shi tun kafin a sayi tikiti. Idan kana son nuna cewa tsibiri mai nisa ya fi na kusa ƙarancin kifi, sai ka yi awo sau hamsin a tsibiri mai nisa guda da sau hamsin a na kusa guda, a idon ƙididdiga tsibiri ɗaya ka kwatanta da ɗaya, domin bambancin yana iya fitowa daga wani dalili da ba nisa ba. Gara awo goma-goma a tsibirai shida. Ka zauna da masanin ƙididdiga kafin tafiya, kada ka kai masa bayanai bayan an dawo kana neman ya yi musu magani.

Ka kuma tanadi wata hanya ta biyu. Tashar bincike ta tsibirin Lizard a Ostireliya ta sha guguwa mai ƙarfi a 2014 da 2015, sannan a 2016 zafin ruwa ya jawo farin murjani mai muni a yankin. Murjani dabba ce da ke zaune da wasu ƙananan tsirrai a cikin jikinta waɗanda ke ciyar da ita, kuma idan zafin ruwa ya haura abin da ta saba da kusan digiri ɗaya na tsawon makonni, sai ta kore su, ta yi fari fat, in abin ya daɗe ta mutu. Wanda ya gina kundinsa gaba ɗaya a kan wuri ɗaya yana iya wayar gari ya tarar abin da yake nazari ya tafi.

Ranar aiki a fili, da abin da ke biyo baya

Ana fita ne da sassafe kafin iska ta taso. Mutum biyu sukan sauka, ɗaya yana warware igiyar awo mai tsawon mita 25 ko 50 a kan zurfi ɗaya, ɗayan yana tafe a hankali yana rubuta kowane kifi da ya gani a faɗin da aka ƙayyade, da kimanin tsawonsa, da fensir a kan takardar da ruwa ba ya jiƙawa. A dawowa sai a ɗora firam mai kusurwa huɗu a ƙasa a ɗauki hoto kowane 'yan mitoci, domin a lissafa daga baya kashi nawa murjani ya rufe, kashi nawa gansakuka. Inda nutso ya yi wuya ana saukar da kyamara da ɗan kejin da aka cika da dakakken kifi, a bar ta kamar awa guda tana ɗaukar duk wanda warin ya jawo. Don ƙananan halittun da ke ɓuya a ramuka kuwa ana kafa wasu farantan roba da aka jera hawa-hawa a ƙasan ruwa, a bar su shekara ɗaya zuwa uku, a dawo a kwashe duk abin da ya tare a ciki. Sabuwar hanya ita ce a tace ruwan teku a karanta ɓurɓushin ƙwayoyin gado da halittu suka zubar, sai dai wannan yana gaya maka wanda ya ratsa ne kawai, ba ya faɗin yawansu ko girmansu, kuma idan babu wanda ya taɓa ajiye bayanan gadon wani nau'i a rumbun GenBank ko BOLD, na'ura ba za ta iya kiran sunansa ba. Gaɓar Afirka ta Yamma tana da irin wannan giɓi da yawa, kuma cike shi aiki ne da zai iya kafa sunan matashi.

Wahalar gaske da yamma take farawa, lokacin da jiki ya mutu, gishiri ya bushe a fata, janareta kuma yana shirin mutuwa. Dole a ɗauki hoton kifi tun launinsa bai gushe ba, a yanki ɗan fiffikensa a jefa a ruwan sifirit mai ƙarfin kashi 95 domin gwajin gado, sannan a sa sauran jikin a fomalin, wato sinadarin da ke hana gawa ruɓewa. Wanda ya juya wannan tsari ya yi asara, domin fomalin yana lalata ƙwayoyin gado. Takardar shaida a cikin kwalba ake sa ta, an rubuta da fensir, da kwanan wata da zurfi da lambobin wurin da sunan wanda ya kamo, saboda tawadar da aka rubuta a bayan kwalba digon sifirit ɗaya yana share ta, kuma samfurin da ba a san inda ya fito ba shara ne komai kyansa. Bayanan ranar a shigar da su kwamfuta a daren, a ajiye kwafi a wuri biyu.

Kafin duk wannan akwai izini, wanda yakan ɗauki watanni. Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, ta ba kowace ƙasa iko a kan albarkatun gadon halittunta, murjani mai dutse kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da fataucin halittun da ke fuskantar barazana, don haka ko gutsure ba ya ƙetare iyaka sai da takarda. Bayan takardar hukuma akwai izinin mutanen wurin. An daɗe ana kuka da masu binciken da ke sauka daga jirgi su kwashi samfura su tafi, su wallafa ba tare da sunan ɗan ƙasa ko ɗaya ba, kuma ɗan Afirka da ya san zafin wannan bai kamata ya je tsibirin wasu ya maimaita shi ba. Ka gai da shugabannin masunta, ka bayyana abin da ya kawo ka, ka sa abokan aikinka na wurin a cikin marubuta, ka kuma bar kwafin samfura da na sakamako a ƙasar.

Wallafa, kuɗi, da neman kujera

Aikin da ba a wallafa ba kamar ba a yi shi ba ne. Ka yi ƙoƙari kowane babin kundinka ya zama maƙala a mujallar da masana ke tantancewa, irin su Coral Reefs da Journal of Biogeography, ko Zootaxa da ZooKeys ga mai bayyana sababbin nau'o'i. Za a mayar maka da aiki da gyara mai ɗaci, wani lokaci a ƙi shi gaba ɗaya, kuma wannan yana faruwa da manyan farfesoshi ma. Abin gudu shi ne mujallun da ke aiko da saƙon gayyata suna alkawarin wallafawa cikin mako guda idan an biya, domin suna a cikinsu tabo ne a takardar mutum. Sunayen halittu a daidaita su da WoRMS, rajistar sunayen halittun teku ta duniya da ke Ostend a Beljiyam, bayanan wuraren da aka ga kowace halitta kuma a zuba su a rumbunan bayanai na duniya, OBIS ko GBIF.

A ganina, ilimin rarrabe nau'o'i da raɗa musu suna shi ne reshen da ya fi dacewa matashi ya riƙe, duk da cewa kwamitocin ƙarin girma ba su cika daraja shi ba saboda maƙalunsa ba sa samun yawan ambato da wuri. Masu iya shi suna tsufa suna ƙarewa, kuma duk sauran binciken a kansa ya dogara. John Randall na gidan tarihin Bishop da ke Honolulu, wanda ya rasu a 2020, ya bayyana nau'o'in kifi fiye da 800 a rayuwarsa, Charlie Veron na Ostireliya kuma ya yi irin wannan hidima ga murjani. Koyon wannan aiki yana buƙatar watanni a ɗakunan ajiyar gidajen tarihi ana kwatanta sabon samfuri da wanda aka kamo shekara ɗari da suka wuce, kuma a nan ne ake gane cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Bayan digirin digirgir yawanci ana yin aikin bincike na kwantiragi na shekara biyu ko uku, wani lokaci sau biyu, ana ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wannan ne zangon da ya fi takura mai iyali. Tallafin Georg Forster na gidauniyar Humboldt an ware shi ne ga masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, akwai kuma na Marie Curie a Tarayyar Turai. Don ƙananan ayyukan fili, gidauniyar Rufford da National Geographic da asusun Mohamed bin Zayed na kare nau'o'in halittu suna ba matasa, kuma samun ƙaramin tallafi da sunanka shi ne shaidar da manyan masu bayarwa ke dubawa. Kujerun dindindin ba su kai yawan masu nema ba, saboda haka da yawa sukan ƙare a gidajen tarihi ko hukumomin kamun kifi ko ƙungiyoyin kare muhalli, inda ake ci gaba da bincike na gaske.

Wanda ya dawo jami'a a Najeriya da digirin digirgir zai hau tsani ne daga malami mai daraja ta biyu zuwa ta ɗaya, zuwa babban malami, zuwa mataimakin farfesa, kafin kujerar farfesa, kuma kowane mataki ana auna shi da shekaru da maƙalu. Ajujuwa masu cunkoso da aikin ofis suna iya haɗiye bincike ɗungurungum cikin shekara uku, sai fa idan mutum ya riƙe abokan aikinsa na waje, ya ware lokacin hutu don fili, ya kuma kafa wuraren awo na dindindin tun a shekararsa ta farko. Joseph Connell ya kafa irin waɗannan a tsibirin Heron na Ostireliya a 1962, ya yi ta komawa yana ɗaukar hoton wurare guda na tsawon shekaru gommai, kuma daga nan aka fahimci yadda murjani ke farfaɗowa bayan guguwa. Abin da ake buƙata don farawa bai wuce 'yan turakun ƙarfen da ba ya tsatsa ba, da guduma, da na'urar da ke nuna lambobin wuri, da ɗalibi ɗaya ɗan tsibirin wanda aka koya wa awon sosai, domin ya riƙa yin sa a shekarun da kuɗin jirgi bai samu ba.